Daga Tarifa Zuwa Bankak: Ina Canjin Talaka Ya Shiga?

Jama'a, yau muna so mu taɓo wata magana da manya ba su cika tsayawa a kanta ba, wato maganar ƙananan kuɗi na ƙarfe, waɗanda a Hausa muke ce wa sulalla ko ƙwandala, 'yan uwanmu Larabawa kuma suke ce wa fakka. Duk lokacin da aka zauna batun sake gina Hartum da Umdurman bayan wannan yaƙi da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023, sai ka ji ana lissafa gadoji da asibitoci da filin jirgin sama da matatar mai ta Jaili. Duk waɗannan dole ne, babu mai ja. Amma mu da muke aikin rediyo a cikin unguwa, muke sauraron mai shayi da mai kisira da mai agashe da mai jan ruwa a amalanken jaki, mun san akwai wani abu da ya rushe tun kafin a harba harsashin farko, kuma har yau ba mu ji an sa shi cikin lissafi ba. Ƙaramin kuɗi ya mutu a ƙasar nan, kuma talaka ne yake biyan kuɗin jana'izarsa kullum safiya.

Bari mu fara da tarifa, domin yaran yanzu sunanta kawai suke ji a bakin kakanni. Lokacin da Sudan ta sami 'yancin kai ranar 1 ga Janairu, 1956, kuɗin Masar ne a hannun mutane, tare da wasu sulallan Ingila. Sai sabuwar gwamnati ta fito da fam ɗinta, wanda a nan muke kira jine, aka raba shi girshi 100, kowane girshi kuma millim 10. Tarifa ita ce rabin girshi, wato millim 5. Sulallan farko suna ɗauke da shekara biyu a jikinsu, 1376 ta Hijira da 1956 ta Miladiyya. An buga millim 1 da 2 da 5 da 10 da tagulla mai ja-ja, an kuma buga girshi 2 da 5 da 10 da farin ƙarfe mai haske. Jama'a suka ci gaba da kiran su da sunayen da suka saba: farini ga girshi biyu, shilin ga girshi biyar, riyal ga girshi goma, takardar girshi 25 kuma ɗarrada. Kalmar millim daga Faransanci ta fito, ma'anarta ɗaya bisa dubu. Girshi kuwa Turkawa ne suka kawo ta, su ma daga Turai suka aro ta, ga shi yau duk Basudane idan zai ce kuɗi sai ya ce gurush, kamar dai yadda mu Hausawa muke cewa kuɗi, alhali asalin kalmar jam'in wuri ce.

Abin da ya fi burge mu game da tarifar 1956 shi ne bakinta. Ba a yi ta da'ira sumul ba, an yi mata baki mai lanƙwasa-lanƙwasa kamar furen kabewa, haka ma millim 2 da millim 10. Wanda ya tsara wannan ya san mutanen da zai ba kuɗin. A lokacin mafi yawan jama'a ba su yi karatun boko ba, fitila sai ta kananzir, ciniki da yawa kuma bayan magariba ake yin sa. Tsohuwa mai sayar da gyaɗa ba ta bukatar ta ɗaga kuɗi sama ta duba lamba. Da yatsa za ta shafa ta san jan kuɗi ne ko fari, babba ne ko ƙarami. Makaho ma haka. Wannan hikima ce da ba ta ci wa gwamnati wani kuɗi na a-zo-a-gani ba, amma ta rufa wa dubban mutane asiri daga cuta.

A fuska ɗaya ta sulen an rubuta sunan Jamhuriyar Sudan da darajar kuɗin, tare da rassan auduga. A ɗaya fuskar kuma ga wani mutum bisa raƙumi yana sassarfa da jakunkunan wasiƙu. Kowa ya san wannan hoto, amma ba kowa ya san daga ina ya fito ba, kuma labarinsa ya isa a tsaya a kansa.

Hoton ya girmi 'yancin kai da shekara 58. A lokacin da sojojin Ingila da Masar suke gangarowa ta bakin Nilu don su murƙushe daular Mahadi, shugabansu Kicina ya so a yi wa Sudan kan sarki nata na kanta, maimakon na Masar da ake buga wa sunan Sudan a kai. Sai ya ɗora aikin a kan wani hafsa mai zane, Kyaftin Stanton, wanda daga baya ya zama gwamnan Hartum. Stanton ya sa wani shehin ƙabila ya hau raƙumi, aka cika buhuna da ƙaiƙayi a madadin wasiƙu, ya yi ta kai da komowa a gabansa har ya gama zane. Kamfanin De La Rue na Landan ya buga, kan sarkin ya fito a watan Maris na 1898. To ga inda gizo ke saƙa: a jikin jakunkunan an rubuta sunayen garuruwa biyu da ƙananan baƙaƙe, Barbar da Hartum. A ranar da kan sarkin ya fito, Hartum tana hannun Halifa Abdullahi, ba a yi yaƙin Karari ba sai ranar 2 ga Satumba na wannan shekara. Wato Bature ya rubuta adireshin gidan da bai riga ya ƙwace ba. Har ila yau, takardar farko tana da wani ɓoyayyen tambari da Musulmi suka ga ya yi kama da gicciye, suka ƙi lasar ta da harshe, sai da aka canja shi zuwa wata da tauraro a 1902.

Wani zai ce, to don me ƙasa mai 'yanci za ta ɗauki hoton mai mulkin mallaka ta ɗora a kan kuɗinta? Mu a ganinmu waɗanda suka yi zaɓin ba su yi wauta ba. Kafin 1956 fuskar Sarki Fu'ad da ta Sarki Faruk na Masar ce ke yawo a aljihun mutane. Da aka zo zaɓe, ba a sa Azhari ba, ba a sa Sayyid Abdurrahman ko Sayyid Ali Mirgani ba, duk da girman da suke da shi. An sa ma'aikaci a bakin aikinsa, mutumin da babu wanda ya damu da ƙabilarsa, muradin kowa dai ya iso da saƙo. Shekara hamsin da wani abu yana kai wasiƙun mutane ya sa ya tashi daga na Bature ya koma na jama'a.

Audugar da ke ɗaya gefen kuwa, wannan tamu ce, ko an faɗa ko ba a faɗa ba. Tun da aka gama madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin Jazira, hannayen Hausawa da Fulani da Barebari suna cikin waɗanda suka tsinci wannan auduga shekara da shekaru. Wasu alhazai ne da suka taso da ƙafa daga Kano da Katsina da Damagaram, suka bi ta Barno da Wadai da Fashir da Ubayyid, suna yada zango suna neman guzurin ƙarasawa Sawakin. Wasu kuma jama'ar Muhammadu Bello Mai Wurno ne, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, da suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Da tarifa da girshi aka riƙa biyan su ladan tsinta. Da su suka sayi dawa, suka yi sadaka, suka tara na jirgin Jidda. Saboda haka idan muka yi maganar tarifa, ba tarihin wasu muke ba da labari ba.

Waɗannan kakanni namu sun zo da sanin ƙaramin kuɗi daga gida. A can Turawa sun fito da anini da kwabo tun 1907, da huji a tsakiya don a zura su a zare kamar yadda aka saba yi da wuri, da tauraro mai tsini shida, har da rubutun Larabci. Anini goma ke yin kwabo, kwabo uku taro, shida sisi, goma sha biyu sule. Da suka iso nan sai suka tarar da sulallan Masar na zamanin Sultan Husaini Kamil, na 1916 da 1917, su ma da huji. Jaridar Hausa ta farko da ta daɗe, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, da kwabo aka auna sunanta, Gaskiya Ta Fi Kwabo, don kwabo ɗaya ake sayar da ita. Har gobe Bahaushe idan zai nuna tsiya sai ya ce ba shi da ko anini, ko sisin kwabo, alhali bai taɓa riƙe ko ɗaya ba.

Yanzu mu dawo gida Umdurman, domin garin nan yana da wani darasi kan kuɗi da ya kamata duk wanda zai zauna kujerar gwamnan Babban Banki ya haddace. Bayan Imam Mahadi ya ci Hartum ranar 26 ga Janairu, 1885, baitulmali ya fara buga kuɗi, fam na zinariya da riyal na azurfa mai kyau. Da Mahadi ya rasu a watan Yuni na wannan shekara, Halifa Abdullahi ya ci gaba, aka riƙa buga riyal mai girshi 20 da ƙananansa, an rubuta a jiki cewa a Umdurman aka buga. Wasu suna da hoton masu a gicciye. Sai dai yaƙe-yaƙe suka yi yawa, hanyoyin fatauci suka toshe, ga yunwar nan da ake kira Sanat Sitta ta 1306 Hijiriyya, wato 1888 zuwa 1889. Azurfa ta yi ƙaranci, fatake kuma suna kwashe riyal mai kyau suna fita da shi. Sai maƙeran baitulmali suka shiga rage azurfa suna ƙara jan ƙarfe, bugu bayan bugu, har ta kai riyalin ƙarshe-ƙarshe kusan jan ƙarfe ne zalla da aka yi wa wankan azurfa. A jikin wasu an rubuta kalmar Makbul, wato karɓaɓɓe. Wasu an rubuta Umla Jadida, sabon kuɗi. Halifa ya ba da umarni a karɓa, aka tanadi hukunci ga wanda ya ƙi. Me ya faru? 'Yan kasuwa suka karɓa don tsoro, suka ninka farashi don kare kansu, suka ɓoye riyalin Majidi na Turkawa da na Mariya Tireza a ƙarƙashin ƙasa. Rubuta karɓaɓɓe a jikin ƙarfe bai sa zuciyar mai hatsi ta karɓe shi ba. Shekara guda kafin faɗuwar Hartum, Godon Basha ma ya gwada tasa dabarar a hayin kogi, ya fito da kuɗin takarda da sa hannunsa a 1884, suka mutu tare da shi.

Tarifa ita ba a rage mata ƙarfe ba, hauhawar farashi ce ta cinye ta a tsaye. Bayan juyin mulkin Numairi na Mayun 1969 aka sauke mai raƙumi, aka ɗora tambarin ƙasa na sabon zamani, tsuntsun nan mai dogayen ƙafafu da ake kira sagrul jidyan. Millim 1 da 2 an daina buga su tun 1969. Tarifa ta yi ta jan ƙafa har 1978, shekarar da aka fara karya darajar jine. Kafin wannan shekara jine ɗaya yana sayen dalar Amurka 2.87, wato dalar Amurka ba ta kai girshi 35 ba. A 1981 Numairi ya sa fuskarsa da rawaninsa a kan takardun kuɗi, da aka tumɓuke shi a Afrilun 1985 sai da aka sake buga wasu. Mu da muka yi wayo a shekarun 1980, abin da muka riƙe shi ne sulallan 1987, girshi 25 mai kusurwa huɗu da girshi 50 mai kusurwa takwas, kuma kafin mu gama firamare sun zama abin wasan dara.

Daga nan sai abin ya koma gudu. A 1992 aka kawo dinari, ɗaya a madadin jine goma, da sulalla masu hoton ginin Bankin Sudan, kamar dai banki yana tallan kansa. Bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta 2005 da Kudu, aka dawo da jine a Janairun 2007, sabon jine ɗaya a madadin dinari 100, wato tsohon jine 1,000. Mai karatu ya ɗauki alƙalami ya lissafa: girshi ɗaya na 2007 daidai yake da tarifa 2,000 ta zamanin iyayenmu, takardar jine 1,000 da aka fito da ita a 2022 kuma tarifa miliyan 200 ce. Shi ya sa har yau lissafi yake rikita mu. Mutum ya ce miliyan, sai ka tambaye shi, da tsohon ko da sabon? An share sifirai a takarda amma ba a share su a bakin mutane ba.

Gaskiya sulallan 2007 sun yi kyau, kuma an yi tunani a kansu. Da yake an yarda kuɗin ya zama na Arewa da Kudu, Musulmi da Kirista da mai addinin gargajiya, sai aka guji fuskar kowa. Girshi 1 tukunyar ƙasa, girshi 5 tambarin ƙasa, girshi 10 ɗaya daga cikin dalolin sarakunan Kush, girshi 20 sa mai dogayen ƙaho irin na makiyayan Kudu, girshi 50 kurciya. Na 20 da na 50 an haɗa ƙarfe kala biyu, ciki da kewaye. Sai dai kash, shekara huɗu kacal, ranar 9 ga Yuli, 2011, Kudu ta ɓalle ta tafi da mafi yawan man fetur, ta bar mu da hoton sa da kurciya. Ranar 19 ga Disamba, 2018, mutanen Atbara suka fito kan titi saboda burodi ya tashi daga jine ɗaya zuwa uku, kuma wannan ce wutar da ta ci gwamnatin Bashir a Afrilun 2019. Duk wanda ke ganin ƙaramin kuɗi ba komai ba ne, ya tuna jine biyu ne tsakanin farashin jiya da na yau a wancan lokaci. A Fabrairun 2021 gwamnati ta mayar da canjin hukuma daga jine 55 zuwa 375 a kan dalar Amurka, a tsakiyar shekarar hauhawar farashi ta haye kashi 400 cikin ɗari, a 2024 kuma dala ta wuce jine 2,000 a kasuwar bayan fage. A irin wannan hali wa zai sunkuya ya ɗauki girshi 50?

To me talaka ya rasa? Mu tsaya a nan, domin nan ne masu ofis ba su gani. Idan babu ƙaramin kuɗi, farashi ba ya tafiya taki-taki, tsalle yake yi. Mai kanti da ya kamata ya ƙara kaɗan sai ya ƙara har zuwa takarda ta gaba, don ba shi da canji, kuma ba a taɓa jin ya zagaye lissafi ya sauko ƙasa ba. Kumsari, wato yaron mota, ya ce babu fakka, ragowar ta zama tasa. A kanti a ba ka alawa ko ashana da ba ka nema ba. Mai albashi da ke sayen buhun sukari sau ɗaya a wata sau ɗaya ake yi masa wannan yanka. Matar da ke sayen sukari cokali-cokali, mai ludayi-ludayi, gawayi ƙulli-ƙulli, ita sau biyar ko shida za a yanke ta kafin rana ta faɗi. Da yayyafi kogi kan cika, sai dai nan kogin wani ne yake cika. Ga kuma sadaka. Da can mutum yana fitowa masallaci zai zura hannu a aljihu ya miƙa wa almajiri ko gurgu abin da ya sawwaƙa. Yau da yawa sai su wuce da kunya, don abin da ke aljihun ya fi ƙarfin a bayar, abin da za a iya bayarwa kuma babu shi.

Za a ce mana zamani ya wuce nan, yanzu lokacin Bankak ne. Ba mu raina Bankak ba, kuma ba za mu yi butulci ba. A cikin yaƙin nan, da bankuna suka rufe aka wawashe rassa, ta wannan manhaja ta Bankin Hartum 'yan uwa daga Saudiyya da Masar da Kano suka riƙa turo abin sawa a baki, da ita takiyyoyin unguwa suka sayi wake da garin dawa suka ciyar da jama'a. Amma mun ga iyakarta da idonmu. A Fabrairun 2024 layukan waya da intanet suka ɗauke a kusan duk ƙasar na makonni, tukwanen takiyya da yawa suka sauka daga murhu, mai kuɗi a waya ya kwana da yunwa. Wanda yake son tsaba a hannu kuma sai ya bar wa dillali wani kaso mai tsoka. A Disambar 2024 da aka fara canjin takardun 500 da 1,000, sharaɗin shi ne ka zuba tsofaffin a asusun banki, abin da za a ba ka a hannu kuma ƙayyadadde ne. Yankunan da ke hannun Da'amus Sari kuwa an hana karɓar sababbin, sai ƙasa ɗaya ta wayi gari da kuɗi iri biyu.

Akwai kuma wani ɓangare da ya shafi jama'armu kai tsaye, wanda ba a son faɗa a fili. Ba a buɗe asusu sai da lambar ɗan ƙasa, kuma kowa ya san irin tambayoyin da ake yi wa mai suna irin namu kafin ya same ta. Wannan ba yau ya fara ba. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta nemi mutum ya nuna cewa shi ko kakanninsa na wajen uba suna zaune a Sudan tun 31 ga Disamba, 1897, wato 'yan watanni kafin mai raƙumin nan ya fito a kan sarki. Da wannan ma'auni, jama'ar Mai Wurno da suka zo bayan Burmi da masu yawa daga cikin masu tsintar audugar da aka zana a jikin tarifa sun zama baƙi a idon doka. Dokar 1994 ta dawo da ma'aunin zuwa 1 ga Janairu, 1956, amma halin wasu ma'aikata bai bi dokar ya canja ba. Masu kiran waya a shirye-shiryenmu, musamman tsofaffin mata, sun sha gaya mana cewa da lambar ɗan maƙwabci suke karɓar kuɗin cinikinsu, su jira sai ya ga dama. Sule bai taɓa tambayar mai riƙe da shi inda aka haifi kakansa ba, ba ya bukatar caji, ba ya jiran layi ya dawo.

Mun san hujjar masana tattalin arziki, kuma tana da ƙarfi. Buga sule yana da tsada. Amurka kanta ta daina buga santi ɗaya a Nuwamban 2025, don abin da ake kashewa a kan kowane ɗaya ya kusa santi huɗu, Kanada kuma ta riga ta tun 2012. Idan ƙarfen ya fi darajar da aka rubuta a kansa, maƙera da 'yan gwangwan za su narkar da shi. Ga misalin Nijeriya a gabanmu: a Fabrairun 2007, wata guda bayan namu, ta fito da kwabo 50 da naira 1 da naira 2, ba a je ko'ina ba mutane suka yi watsi da su, don babu abin da suke saye. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai Amurka da ta yar da santi ɗaya tana da na biyar da na goma da na ashirin da biyar suna aiki, mu kuwa tsanin gaba ɗaya ne ya karye. Kuma a leƙa Maraɗi ko Damagaram: har yau da dala ake lissafi, wato sefa biyar, mace ta fita da dala ashirin ta sayo abin miya a ba ta canji na ƙarfe. Mutanen Nijar ba su fi mu arziki ba, kuɗinsu ne bai narke kamar namu ba, duk da surutun da ake yi kan ɗaurin sefa da kuɗin Turai.

Saboda haka ba muna cewa gobe da safe a kunna injin buga sulalla ba. Wanda ya yi haka alhali farashi yana gudu, Makbul ɗin Halifa zai maimaita. Abin da muke cewa shi ne, ko ba daɗe ko ba jima za a sake yanke sifirai a haɗe kuɗin ƙasa wuri guda, kamar yadda aka yi a 1992 da 2007, kuma idan ranar ta zo kada a zauna a tsara manyan takardu a bar ƙananan sai abin da hali ya yi. A fara daga ƙasa. A aiki ma'aikatan Babban Banki su zaga kasuwar Umdurman da kasuwar Libiya da Sabirin, su tambayi nawa ne burodi ɗaya, kofin shayi, jarkar ruwa, kuɗin mota daga Sawra zuwa Shuhada, sa'an nan a yanka sulallan daidai da waɗannan. A yi su da baƙin ƙarfe mai rufi wanda narkar da shi ba riba. A bambanta bakinsu da girmansu yadda yatsa zai gane a cikin duhu, tunda wutar lantarki ma ba ta da tabbas. Kuma kada a jibge su a rassan banki a ce mutane su zo, a kai su tashoshin mota da gidajen burodi da ƙungiyoyin masu shayi, inda ake bukatarsu.

Batun hoto kuwa, muna roƙon arziki kada wani mai kaki ko mai rawani ya sa fuskarsa. An gwada a 1981, mun ga yadda ta ƙare. Garin da ya haifi mai zane irin Ibrahim Salahi ba zai rasa matasan da za su yi gasa ba. A zana zangarniyar dawa, ko riɗi, ko itacen ƙaro, ko murhun mai shayi, ko babbar tukunyar takiyya da ta riƙe ran mutanen garin nan lokacin da babu gwamnati. Idan an ga dama a dawo da mai raƙumi ma, ba mu da ja, amma wannan karon a rubuta Niyala da Kadugli da Damazin a jikin jakarsa.

Kafin nan akwai abin da ke hannunmu. Mutane suna komawa gidajensu a Abu Rof da Wad Nubawi da Mulazimin da Umbadda, suna share ɓaraguzai, kuma da yawa suna cin karo da gwangwanin tsohuwa cike da tarifa da farini da shilin, waɗanda ɓarayi suka raina suka bari. Masu sayen tsohon ƙarfe suna zagayawa da amalanke suna auna su a kilo tare da wayar wuta da murfin tukunya. Don Allah kada a sayar. An wawashe gidan tarihi na ƙasa da ke Hartum, gidan Halifa da ke nan kusa da ƙubbar Mahadi shi ma bai tsira ba, kuma ranar da za a sake buɗe su za a nemi irin waɗannan a rasa. Wanda ya sami mai rubutun Umdurman a jiki, ko da ya yi baƙi ƙirin, kada ya goge shi da toka ko lemun tsami, gogewar tana cinye rubutun. A naɗe shi a ƙyalle busasshe, a rubuta sunan unguwa da gidan da aka same shi a 'yar takarda, a ajiye tare.